Ranar da Muka Sauke Sambo daga Allo

Har na bar aiki ban taɓa mantawa da ranar da aka aike ni sauke allon Sambo ba. Ku matasan sana'armu da injin ke buga wa hoto yanzu, ku sani cewa a zamanin mulkin soja, lokacin da kuɗin mai ya shigo, da hannu muke zana tallan bakin hanya. Ni ne babban mai fenti na wani kamfanin taba a Sakkwato. Muna jera fallayen kwano a jikin katako, mu shafa farin fenti, mu ja layi da alli, sannan a bi da launi.

Wata rana manajanmu, Alhaji Ladan, ya kawo hoton wani Bature bisa doki, da malafa, da taba a baki. Ya ce sunansa kaboyi, wato makiyayin Amurka. Ya bayyana mana cewa can ƙasarsu da farko ana ɗaukar taba mai auduga a gindi ta mata ce, shi ya sa aka ɗora ta a bakin makiyayi don maza su saya. Suka kuwa saya. Mu kuma an ce mu zana namu da fuskar ɗan ƙasa.

A Kalambaina na samu Sambo yana dakon siminti. Bafillace ne dogo, fari ya cinye masa shanu, ya shigo birni da matarsa Hajo. Da na gaya masa buƙatata sai ya yi dariya.

"Malam Umaru, ni da ba ni da ko maraƙi, ni ad da hawan doki?"

Ya zauna bisa ganga na zana shi. Aka kafa allon a hanyar shiga gari, nan da nan kowa ya koma kiransa Kaboyi. Ladansa har da katan-katan na taba, duk wata. A da ba ya sha. Ya fara don kada a ce hoton ƙarya ne.

Shekaru suka shuɗe. Sai umarni ya zo daga Ikko cewa a sauke duk allon hannu, a manna bugaggun takardu. Da safe muna kafa tsani a allon Sambo sai ga Hajo a tsaye, ta ja mayafi.

"Malam, an ce za ku shahe shi. Shina kwance, tari ya hana shi tashi. Ya ce in roƙe ka ka bari ya gan shi."

Ka'ida ita ce duk kwanon da aka sauke a mayar da shi sito a shafe. Na tsayar da aiki na tafi ofis neman izini, don Alhaji ba ya son a taɓa kayan kamfani.

"Ranka ya daɗe, fallen da ke da fuskar nake roƙo."

Na gaya masa halin da Sambo ke ciki. Alhaji ma ya ji abin da ake faɗa, cewa wasu daga cikin Turawan da suka tsaya a wannan hoton ciwon huhu ne ajalinsu. Ya kashe tabar hannunsa.

"Ɗauka. Amma sunan kamfani kada ya fita. Ka tafi da motar aiki."

A unguwar Gidan Dahala muka jingina kwanon da bangon ɗakin Sambo. Ya rame ƙwarai, ban gane shi ba sai da ya yi murmushi. Ya kalli hotonsa tsawon lokaci.

"Ashe haka nike," ya ce. Tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya nuna bakin hoton. "Cire min wagga."

Na shafe tabar, na gyara leɓen. Ina haɗa kayana ya ce, "Da sauran fenti? Sa min shanuna a baya."

Ya riƙa faɗa ina zanawa: jar saniya mai karyayyen ƙaho, farar da ya gada wajen uwarsa, bijimin da ba ya bin kowa sai shi. In na kuskure Hajo ta gyara min, "A'a Malam, tozonta ya fi haka." Suka shiga gardama a kan launin wata karsana, suna dariya, har ta juya baya tana share ido. Ban bar gidan ba sai bayan la'asar.

Kafin damina ta sauka Allah ya yi masa rasuwa. Hajo ta koma garinsu, aka ɗaure kwanon a saman motar da ta ɗauke ta.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Aikinmu shi ne mu sa mutane su yi sha'awar abin da suka gani, kuma mun iya. To kafin ka ɗaga fuskar mutum sama da hanya, ka dubi abin da ka sa masa a baki, don shi zai fara gaskata hoton. Allah ya jiƙan Sambo.