Kalangun Bayan Katanga

Da an idar da sallar asuba Inuwa ba ya komawa gida. Wani ɗan shago yake buɗewa a layinmu na Gyadi-Gyadi, dab da rumfar da nake gyaran janareta, ya kunna amfilifaya ta ɗauki zafi, ya goge manyan sifiku biyu da tsumma, ya bi maɓallan fiyano da yatsa. Daga nan ya kulle, ya tayar da adaidaita sahunsa, ya tafi kwasar ma'aikatan jinya masu aikin safe. Ya ce kayan kiɗa in ba a taɓa su, lema da ɓera ke cinye su. Shekaru ya yi yana haka, alhali babu mai kaɗa su.

Inuwa ba ya waƙa, ba ya kiɗa. Ko tafi ya yi sai ya saɓa da na kowa. Manaja ne. A kyallen da ya sa aka rubuta musu, sunansu Hasken Tarauni, amma duk unguwa 'Yan Bayan Asibiti ake ce musu, don a nan suke gwaji. Ashiru ke waƙa, Lawan na kan fiyano, Gambo na kalangu. Ni janareta nake ja musu, shi ya sa na ga abin da na gani.

Aikin Inuwa tun kafin biki yake farawa. Da hantsi zai je gidan da goro a aljihu, ya durƙusa gaban tsofaffin mata, ya yi ta tambaya. Wace ce goggon amarya, wace ce uwar ɗakinta, su wa ba sa ga maciji da juna, wa aka yi wa rasuwa kwanan nan don kada a kira ta fili. In la'asar ta yi aka fara wuni, sai ya tsaya bayan Ashiru yana raɗa masa sunaye a kunne. Mata su yi ta mamakin yadda mawaƙi ya san kakar kowa. Akwai dokar da bai taɓa sassautawa ba: in amarya 'yar fari ce, ba a ambaton uwarta ko ubanta. Ya taɓa ganin wani mawaƙi a Darmanawa ya kira uwar 'yar fari ta fito rawa, matar ta rufe fuska ta shige ɗaki, biki ya yi sanyi har aka tashi. Wannan labarin mun ji shi har mun gaji.

Ba na yabon mutum don bakinsa. Na ga ranar da ruwa ya tsuge mana a Hotoro, Inuwa ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe fiyano, ya tsaya daga shi sai singileti. In an fito da abinci, shi ne na ƙarshen sa hannu. Fatar kalangu in ta fashe, shi ke zuwa cikin gari nemo wata, Gambo na barci.

Babu kamfanin da ya taɓa ɗaukarsu. Inuwa ya yi ta yawo da faifansu a situdiyoyin Zoo Road, ana ce masa ya dawo wani satin. Wani ya gaya masa gaskiya, ya ce muryar yaron ta yi, amma kalangu yanzu yana cikin kwamfuta, me za a yi da mutum? Daga baya masu kiɗan DJ suka cika gari. Ba faɗa aka yi ba, ba a kuma zauna an ce an rabu ba. Wayar Inuwa ce kawai ta daina ƙara. Ashiru ya kama sayar da caja a kasuwar Farm Centre, Lawan ya zama direban gidan burodi, Gambo ya samu gadi a wani kemis.

Bana mai layin shagunan ya ce kowa ya kwashe kayansa kafin ƙarshen wata, zai rushe ya gina ɗakunan ɗalibai. Gidan Inuwa ciki da falo ne, ba inda sifika za ta zauna. Na ce ya sayar. Ya ce zai rabu da su, amma ba zai rabu da su suna bebaye ba, sai an ƙara jin su sau ɗaya da mutanensu.

Ana cikin haka ya ji za a aurar da Hafsat, 'yar Gambo, wadda ta gama makarantar jinya. A Daurawa ta tashi, a hannun Hajiya Kulu, yayar Gambo. Inuwa ya je ya durƙusa, Hajiya ta ce dama kunnenta ya gaji da hayaniyar yaran nan masu kwamfuta, a kawo mata kiɗan hannu. Ya bi Ashiru har kasuwa, ya tare Lawan a hanya da motar burodi. Suka yi gwaji a shagon, ƙofa a buɗe, masu wucewa na tsayawa. Gambo ya zo, ya kaɗa, ya tafi bai ce komai ba. Dama shi ba mai magana ba ne, mutumin wani ƙauye ne ta wajen Gaya, zaman birni bai canza shi ba.

Ranar wuni na tayar da janareta, an kafa rumfa, mata sun cika kujeru. Babu Gambo. Lawan ya yi ta jan fiyano don a rufe giɓi, Ashiru na cewa wataƙila dattijon ya manta ba gadi zai je ba. Ni da Inuwa muka zagaya, muka same shi a dakalin masallacin bayan layi, kalangu a cinya, ya ci sabuwar shadda.

“Gambo, mata sun zauna.”

“Na sani, Manaja.”

“To tashi mana.”

Gambo ya daɗe yana murza tsirkiyar kalangun kafin ya ɗago. “Kai ne fa kake hana Ashiru kiran uwar 'yar fari. Ni kuma sai in rataya wannan in tsaya gaban yarinyar nan, ina kallonta tana kallona?”

Sai a lokacin Inuwa ya tuna Hafsat ce 'yar farin Gambo. Mutumin da ya san 'yar farin kowane gida daga Tarauni zuwa Hotoro, ɗokin haɗa mutanensa ya mantar da shi ta abokinsa. Tsawon zamansu bai taɓa jin sunan Hafsat a bakin Gambo ba, kullum “yarinyar nan” ce ko “ta gidan Yaya”. Ya tambaye shi me ya hana shi faɗa tun ranar gwaji. Gambo ya ce ya ga yadda yake murna ne, ya rasa ta inda zai shiga.

Ban ji Inuwa ya roƙe shi ba, bai kuma ce masa zamani ya canza ba. Ya dubi katangar da ke bayan rumfar, ya ce, “In ba ta gan ka ba fa?”

“In ba a gan ni ba, ai kalangu ne ke magana, ba ni ba.”

Inuwa ya shiga gidan da ke bayan katangar ya yi sallama da dattijon gidan, aka ba shi tsakar gida. Ya ce min, “Auwalu, duk wayar da ke jakarka fito da ita.” Muka jojjona tasa da tawa, na naɗe da salatif, aka jefa makirfo ta kan katanga. Gambo ya kifa turmi ya zauna. Saura matsala ɗaya. Mai kalangu ƙafar mai rawa yake bi, ga shi ba ya ganin fili. Inuwa ya sa Ashiru ya jingina da katangar, shi kuma ya gangaro da wani durom, ya hau da gwiwarsa mai ciwo. Ya sunkuya nan ya raɗa wa Ashiru suna, ya leƙa can ya gaya wa Gambo wadda ta fito da irin takunta.

Ba zan ce sun yi kamar da ba. Muryar Ashiru ta dushe, Lawan ya ɓata hanya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma da kalangun ya fito ta sifika, tsofaffin da suka zo zaman kujera suka fara gyara mayafi. Yara na leƙen bayan sifika suna neman makaɗin.

Da aka fito da amarya a lulluɓe, Ashiru ya karkato kunne. Inuwa ya ba shi sunan Hajiya Kulu, ya ba shi na dangin ango, ya tsallake na uba. A can bayan katanga kuwa kiɗa ya juya, Gambo ya ɗauko taken gidansu, wanda ake yi wa mahaifinsu a gona. Hajiya Kulu ta miƙe tana share ido da gefen gyale. Hafsat ta tsaya, ta saki hannun ƙawarta, ta tako har gaban sifikar da kalangun ke fita, ta durƙusa kamar yadda ake gaida uba, sannan ta tashi. Na ga Inuwa ya leƙa ta katanga ya faɗi wata magana. Kalangun ya ɗauke na ɗan numfashi, ya dawo da ƙarfi. Kafin kiran magariba aka tashi, Gambo ya fice ta ƙofar wancan gidan.

A satin Inuwa ya raba kayan. Fiyano ya tafi gidan Lawan, amfilifaya da sifiku ya kai masallacin layinmu, kyallen Hasken Tarauni ya ba Ashiru ya yi inuwa da shi a kan teburinsa. Shi kansa ya samu ɗaki mai sauƙi a Hotoro, hanyarsa ta daina biyowa ta nan.

Ranar da zai miƙa makulli, da asuba na same shi a bakin shagon, ba komai a ciki sai doguwar wayar nan. Ya zauna yana warware salatif ɗin da na naɗa, ya ware tawa daga tasa. Ya naɗe tawa a gwiwar hannu yadda yake yi bayan kowane biki, ya ɗaure bakinta, ya rataye mini a ƙusar rumfata. Wasu ma'aikatan jinya biyu suka ɗaga masa hannu daga bakin titi, ya jefa tasa wayar ƙarƙashin kujera, ya tayar da adaidaita ya tafi ɗaukarsu.