Na Kashe Ƙarar Injin Ƙanin Matata

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni bakanike ne da ake ji da shi a Daura, kuma wallahi ni ma ina ji da kaina. Gidanmu maƙera ne, a bakin zuga na tashi, amma na bar wa tsohonmu masabarsa na koma gareji. Taƙamata ɗaya ce: in na ɗaure injin sai ka kasa kunne kafin ka san yana aiki. Direbobin Zango har zolayata suke yi, wai injina ko tari ba ya yi.

Ƙanin matata yana cikin masu wasan mota. Ya sayo wata tsohuwar mota, ya yo odar tukunyar iskar nan da suke kira naitiros, wadda ake ɗaurewa a but, in an danna maɓalli ta feso cikin injin, motar ta zabura kamar an tsikare ta. Ya kawo min ita da fistin shida a kwali, ya ce na ƙira ne, domin na zubi da motoci ke zuwa da su ba sa jure zafin iskar. Ban nemi ƙarin bayani ba. Tun ina ƙarami na san fartanyar da aka ƙera lanƙwasa take yi, tukunyar zubi kuwa in ta bugu tarwatsewa take.

Na ɗaure injin yadda ya kamata, na bar 'yar tazara tsakanin fistin da bangonsa, saboda na ƙira yana kumbura in ya ɗau zafi. Da safe muka tayar, sai ga ƙara, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Na san da ya yi ɗumi za ta ɗauke. To amma gareji cike yake da jama'a, sai wani abokin sana'a da ba ma shiri ya tuntsire da dariya, ya tambaya ko injin niƙa na haɗa. Kafin azahar magana ta kai tasha. Kai, na ji zafin dariyar nan! Da mai motar ya yi tafiyar kwana biyu Kano, sai na sauke injin ni kaɗai, na samo fistin zubi masu ɗan kauri da suka cike tazarar, na tura na ƙiran ƙasan akwatin kayan aikina. Injin ya yi tsit. Da ya dawo na ce masa saiti kawai na gyara, ya rungume ni yana cewa Yaya ba shi da na biyu.

Ranar gwaji Asabar ce da la'asar, a hanyar Sandamu. Na ja shi gefe na ce ya bar maɓallin nan tukuna, injin sabo ne. Ya yi dariya ya ce ai sati biyu ya yi yana lallaɓa shi, yaushe Yaya ya zama matsoraci? Sai ya daina dariyar, ya dube ni ido cikin ido, ya tambaya ko akwai abin da ban yarda da shi ba a aikin. Abokansa sun matso suna jinmu. Na ce babu komai.

Ya ja motar, ya yi nisa ya juyo. Na ji lokacin da ya danna, kukan motar ya sauya, ina ta salati a zuci ina roƙon ya saki. Sai wata ƙara kamar an harba bindiga, hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya malale ƙarƙashin tayoyin, motar ta kwashe ta yi cikin gonar gero tana juyi. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma hannunsa na dama bai sake ɗaguwa ba.

Da aka jawo motar gareji tsohonmu ya zo jaje. Bai san komai a mota ba, amma ya sunkuya ya tsinci ɓallin fistin, ya juya bakin karayar a rana, ya ga ta yi ɓurshi-ɓurshi kamar yashi. Ya ce shi an gaya masa na ƙira aka saka, wannan kuwa zubi ne. Ya ɗora min a tafin hannu, ya dunƙule min yatsuna a kai, ya tafi. Bai gaya wa kowa ba, bai kuma sake tako garejina ba.

Shekara biyu ke nan. Ƙanin matar tawa har yau masu sayar da kaya yake zargi, wai jabu suka turo masa. Matata kuwa kullum sa min albarka take, don ni ke kai shi gashin hannu. Ina jin kunyar su duka biyun fiye da yadda zan iya rubutawa.

'Yan'uwana kanikawa, duk injin da za a sa wa iskar nan, kar ku kuskura ku bar masa fistin zubi, kuma ƙarar na ƙira da sanyin safiya ba aibi ba ce. In mai mota ya tambaye ku gaskiya, ku faɗa ko duk tasha za ta yi muku dariya. Ni dariyar wuni ɗaya na guje wa, shi ya biya da hannunsa. Fistin shidan nan suna nan a akwatina, ko tsatsa ba su yi ba. Shi ma yana karanta mujallar nan, kuma na san zai gane motarsa.