Mai Fiton da Aka Shafe da Fenti

Honorine wankau ce a bakin kogin Oise tun tana budurwa har furfura ta cim mata. Zannuwan gadon masu hali na garin duk ta hannunta suke bi, kuma daga tabo take gane abin da kowane gida ke ɓoyewa, bakinta kuwa ba ya ajiya. Mijinta Anselme mai fito ne, shiru-shiru, zai wuni yana haye da mutane bai ce uffan ba. Ba su haihu ba. Mutanen gari kan ce ita ke magana a madadinsu su biyu.

A bazarar da tari ya kama Anselme, likita ya ja ta gefe ya ce da wuya ya ga ƙarshen hunturu. Abin da ya fara faɗo mata shi ne ba ta da hotonsa ko ɗaya. Ta yi ta fama ya bi ta zuwa garin Pontoise wurin mai ɗaukar hoto, inda sai an tokare wa mutum ƙeya don kada ya motsa, ya ce shi ba za a maƙale masa wuya da ƙarfe kamar ɗan fursuna ba. Ta yi zagi, ta yi lallashi, ya ci gaba da zuƙar lofensa. Ya kuma hana ta faɗa wa kowa ciwon nasa, don kada a daina shiga jirginsa.

Ana haka sai ga wani mai zane daga Paris, Mushe Carteron, wato Malam Carteron a bakin Faransawa. Kullum da safe yakan kafa ƙyallen zanensa kusa da mawankarta, yana zana kogin da dogayen bishiyoyin ƙetare, har da jirgin Anselme. Honorine ta ce a ranta faɗuwa ta zo daidai da zama. Ta shiga tilasta wa mijin aske fuska da sa rigarsa ta zuwa coci a ranakun aiki, ta kuma umarce shi ya riƙa tsayawa tsakiyar ruwa yana fuskantar gaɓa. Fasinjoji su yi ta mita, wata mai kai ƙwai kasuwa har ta rantse za ta koma bi ta gada.

Shi kuwa mai zanen yana da wata ɗabi'a mai cin rai. Ba ya aiki sai hasken yau ya yi daidai da na jiya. Gajimare na giftawa sai ya naɗe kayansa ya tafi shan kofi, a bar Anselme tsakiyar kogi da sabon aski yana tari. Honorine ta haɗiye takaici, ta kai wa mutumin miyar albasa, ta wanke masa rigunan da fenti ya ɓata. Ranar da ta leƙa ƙyallen, sai ta ga mijinta bai kai babban yatsanta ba, ɗan ɗigon fari da baƙi kawai.

"Mushe, ina fuskarsa?"

"Madam, ni ruwa nake zanawa."

"Ruwan nan yana nan tun kafin a haifi kakanka. Mutumin nake so, da hancinsa da idonsa."

Ya yi dariya ya ce a Paris ake ƙarasa aiki, zai duba. Ita ta ɗauki wannan a matsayin alkawari, shi kuwa ko jirgin ƙasa bai hau ba ya manta.

Anselme ya rasu ƙanƙara na kwance a gaɓar kogi. Bayan an binne shi, Honorine ta sa baƙaƙenta ta tafi Paris, garin da ba ta taɓa takawa ba, ta yi ta tambaya har ta hau bene zuwa ɗakin aikin mai zanen. Zanen na jingine kusa da taga. Gaskiya ya yi kyau, har sanyin safiyar ta ji a jikinta, kuma kyan nasa ya ƙara mata haushi. Ga bishiyoyi, ga haske kwance kan ruwa. Babu jirgi, babu Anselme.

Mushe Carteron ya yi mata bayani cikin fara'a, wai jirgin ya yi wa ɓangaren hagu nauyi yana tare haske, shi ya sa ya rufe shi a makon nan kafin a kai zanen baje koli. Sai a lokacin ya lura da baƙaƙen kayanta, fuskarsa ta sauya. Ta ce ya kankare. Ya ce in ya sa wuƙa, da na sama da na ƙasa tare za su fita. Ya yi ta ba ta haƙuri, ya ce zai zana mata shi dabam, babba, daga abin da ya tuna.

"Yana da gemu ne, Madam?"

Honorine ta juya masa baya. Ta matsa kusa da zanen, ta nemi daidai inda jirgin yake, ta danna yatsanta da ƙarfi. Fentin bai bushe ba. Ta fita da shuɗin tabo a yatsa, ta naɗe hannun cikin mayafi har gida, ko burodi da ɗayan hannun ta gutsura.

Ranar Litinin kayan gidan magajin gari suka iso, tuli guda. Ta daɗe durƙushe a bakin ruwa, hannun a ƙirjinta, sauran matan na satar kallonta. Amma wanki ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Kafin ƙararrawar coci ta buga tsakar rana, sabulu ya cinye tabon tas.