Tabon Bayan Jibo

Duk shekara idan aka yanke dawa, kafin kowa a gidanmu ya ɗanɗana tuwon sabuwa, sai Iya Tabawa ta cika kwano, ta zuba miyar kuɓewa, ta rufe da faifai, ta ce in kai gidan Malam Ilu maƙeri. Iya Tabawa kakata ce, ita ta haifi babanmu. Malam Ilu kuwa ba danginmu ba ne, ba surukinmu ba, ban ma taɓa ganin wata doguwar gaisuwa ta haɗa su ba. In na tambayi dalili sai ta harare ni ta ce, "Aikenki na yi, uwar tambaya, ban ce ki yi mini shari'a ba." Shi ma Malam Ilu karɓa kawai yake yi ya sa albarka. Ya ɗauka sadaka ce irin ta tsofaffi.

A wani ƙauye na girma kusa da Saji, cikin ƙasar Rano. Iya 'yar Kibiya ce, aure ya kawo ta, kuma har ta bar duniya ba ta daina yi mana gorin cewa mutanen garinsu sun fi mu iya miya ba. Da an ci tuwo an yi Isha'i muke kewaye murhunta, ni da yayana Sabi'u da 'ya'yan baffanmu. Takan tura gyaɗa cikin toka mai zafi, ta miƙe ƙafa, ta ce, "To, ga ta nan tafe. Mai kunne ya matso, mai gyangyaɗi ya ba mu wuri." Mu kuwa mu haɗa baki mu ce ta iso lafiya.

Tatsuniyar dabbobi ba ta dame ta ba. In muka matsa sai ta yi mana ɗaya a gurguje, kamar mai biyan tara. Abin da ke sa idonta ya yi haske shi ne labarin mazan jiya, na zamanin da ƙauyenmu ke da ganuwa, aka kewaye ganuwar da sarƙaƙiyar ƙaya, sai siririyar hanya guda da ake bi a shiga ƙofa. A lokacin mahara kan sauko daga duwatsun kudu da kaka, su kwashi shanu da hatsi da mutane. Manoma na gona, mai tsaro na bisa rimi da ganga. Da ya hango ƙura sai ya buga, kowa ya yar da lauje ya nufi gari.

A cikin mazan nan babu wanda Iya ke ji da shi kamar Jibo. Wai, in ta fara! Ta ce in ya tsaya a bakin hanyar sarƙaƙiya da garkuwarsa ta fatar ɓauna, to an rufe gari ke nan, ko ba a tura ƙyaure ba. Hanyar ba ta ɗaukar doki biyu a jere, don haka duk yawan mahara ɗaya-ɗaya suke zuwa masa, shi kuma ɗaya-ɗaya yake sallamarsu. Ta ce ya taɓa cafke mashin da aka jefo masa a iska ya mayar wa mai shi. Ya taɓa riƙe linzamin ingarma da hannun hagu har dokin ya durƙusa. Ba ya ihu, ba ya kirarin kansa, kuma ba ya shiga gari sai mutum na ƙarshe ya shige, ko da kuwa tsohuwa ce mai jan akuya. Sabi'u kan miƙe ya ɗauki murfin tukunya yana kwaikwayo, Iya ta ce, "Zauna, mijin banza. Kai da ɓera ya sa ka hau gado?"

Sai dai kullum a nan take tsayawa. Ta kakkaɓe zani ta ce barci ya zo. Ba ma matsa mata, domin duk ƙauyen an san ƙarshen Jibo, kuma ba mai daɗi ba ne. An ce ranar wani hari ya bar bakin hanya ya gudu, ya dawo ba garkuwa, bayansa cike da kibau. Har waƙa yara ke yi: "Jibo, Jibo, ina garkuwa? Na bar ta a dawa, ƙafa ta fi." Malam Ilu jikan Jibo ne. Da wannan waƙa aka tsokani ubansa, aka tsokane shi, ga shi an kai ga jikokinsa. Ko a biki maroƙa ba sa ambaton kakansu, sai su tsallake shi su koma kan ƙira.

Wata ranar kaka, Iya na dawowa daga gaisuwar mara lafiya, ta tarar da Sabi'u da abokansa sun tsaya a ƙofar maƙera suna rera wa Garba, jikan Malam Ilu, waƙar nan. Garba na zuga wuta yana kuka. Tsohon yana dukan ƙarfe, kansa a sunkuye, kamar bai ji ba. Iya ta dube su, ta wuce gida.

Da daren nan ba a sa gyaɗa a toka ba. Ba ta ce ga ta nan tafe ba. Ta kori 'ya'yan baffanmu, ta bar ni da Sabi'u, ta dube shi ta ce, "Kai, mai waƙa. Yau zan ƙarasa maka labarin, in ya so gobe ka ƙara baiti."

Ta ce akwai wata yarinya mai suna Hansai, 'yar wannan ƙauye, aka aurar da ita a Kibiya. Cikinta na fari ya tsufa, sai aka taho da ita gidan iyayenta don ta haihu ta yi wankan jego a gida, yadda aka saba. Gwaggonta ce ta rako ta, a ƙafa. Sun hango ganuwa ke nan ganga ta tashi. Suka faɗa cikin gonar dawa suna gudu, gudun da tsoron suka tayar da naƙuda. Hansai ta durƙusa tsakanin kunyoyin gona, ta kasa gaba ta kasa baya.

Jibo yana bakin hanya, mutane sun gama shigewa, sai ya ji kukan mace cikin dawa. Ya san in ya bar wurin nan mahara za su kora shanun da ba a kai ga shigar da su ba. Ya san kuma in ya tsaya, za a tsinci matar nan a ɗaure ta a igiya. Ya bi kukan. Da ya ga abin da ake ciki sai ya kau da kai, ya juya musu baya, ya fuskanci inda mahara ke fitowa. Iya ta ce a nan aka yi faɗan da ya fi duk wanda ta taɓa ba mu labari, kuma ba wanda ya gani sai mata biyu. Suna ɓullowa ta cikin kara, yana tarbarsu. Takobinsa ya karye, ya koma da guntun. Guntun ya suɓuce, ya fizgi mashin wani. Bai ja da baya ko taki guda ba, domin bayansa haihuwa ake yi. Bai waiwaya ba har ya ji kukan jariri.

Da mahara suka ga ba a kusantarsa, sai suka haye wani dutse suka koma harbi. Jibo ya kifa wa gwaggo garkuwarsa a baya, ita da jaririn da ta naɗe a zani, ya ce ta yi gaba. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe Hansai, ya ɗauke ta a ƙirji. Gudu ba zai yiwu da mai ɗanyen jego ba, don haka tafiya ya yi. Iya ta sassauta murya ta ce, "Tana jin duk kibiyar da ta same shi. Jikinsa ya girgiza, ya ce bismillahi, ya ƙara taki." Haka ya bi cikin dawa har 'yar ƙofar baya da mata ke fita ɗiban ruwa, ya ajiye su a gindin dangar iyayenta, ya zagaya ya shigo ta babbar ƙofa, ya faɗi.

Al'adar lokacin, bayan faɗa mayaƙa kan tuɓe a ƙofar mai gari, wanzami ya duba raunuka, jama'a na kallo. Wanda raunukansa ke gaba, maroƙa su wasa shi. Wanda nasa ke baya, an san fuskarsa ba wajen abokan gaba take ba. Aka kifa Jibo, wanzami ya yi ta zaro kibau daga kafaɗa har ƙugu. Ga shanu an kora ta inda ya bari, ga shi ba garkuwa, ba riga. Mai gari ya tambaye shi inda ya je. Ya ce, "Na bar wurina." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, har ya mutu.

Sabi'u ya zabura. "To me ya hana shi faɗa? Ita fa? Ba ta da baki ne?"

"Kai yaro ne," in ji Iya. "Ya tsaya a gaban gari ya ce ya ɗauki matar wani a ƙirji, jininta a jikinsa? Da wane ido mijinta zai dube ta? Auren ya mutu, a bi yaron da surutu. Gwaggo ta san haka, ta ja bakinta. Ita kuwa Hansai ɗan fari ne ta haifa. Ka taɓa jin uwarku ta kama sunan babban yayanku? Ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Mace ba ta zancen ɗanta na fari, balle ta buɗe baki ta ba da labarin yadda ta haife shi a gona. Kunya ta ɗaure ta, Jibo kuma ya ɗauki abin ya ɗora wa kansa."

Na ce, "To ke Iya, wa ya faɗa miki?"

"Hansai. Tsakanin kaka da jika ai babu kunya. Da ta ji garin nan za a kawo ni aure, ta kira ni ɗaki ta faɗa mini, ta ce kada in ci sabuwar dawa sai gidan Jibo sun ci." Ta dubi Sabi'u ido cikin ido. "Jaririn nan ubana ne. Da Jibo ya tsaya ya kare sunansa, da ba ni, ba ubanku, ba bakin da ka yi waƙa da shi yau."

Ban taɓa ganin Sabi'u ya yi kuka ba a doke shi ba sai ranar. Iya ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana sauke jeren kwanoni. Ta fito da wata baƙar fata mai tauri, faɗinta bai wuce faifai ba, gefenta duk gara ta ci. Ta ce abin da ya rage na garkuwar Jibo ke nan. Ta daɗe tana juya ta a hannu, sannan ta ce, "Na riƙe wa kakata kunyarta har na tsufa. Waɗanda za su ji kunyar duk suna ƙasa. Masu jin ciwon kuwa ga su nan da rai."

Da hantsi ta sa mayafi, ta tasa mu gaba har maƙera. Akwai manoma zaune suna jiran a gyara musu lauje, ba ta ce su tashi ba. Ta durƙusa, tsohuwa da ita, ta ajiye fatar a gaban Malam Ilu, ta ba da labarin tun daga farko. Ta kama sunan kakarta, ta kama na ubanta. Wutar maƙera ta mutu ba wanda ya lura. Malam Ilu ya ɗauki fatar, ya shafa. Can ya ce, "Tabawa, wallahi mu ma a gidanmu mun ɗauka gudun ya yi. Ubana ko sunansa bai yarda a sa wa yaro ba." Sai ya kifa fatar a fuskarsa.

Waƙar ba ta mutu rana ɗaya ba, amma ta mutu. Sabi'u ya taimaka mata da 'yan mare-mare a dandali, abin da Iya ta yi kamar ba ta sani ba.

Yanzu ina zaune a Rano, na yi jikoki ni ma. Ina yarinya abin da ke burge ni shi ne mashin da aka cafke a iska da dokin da ya durƙusa. Har gobe suna burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma da na girma na ga yadda mutum ke tashin hankali in an faɗi ƙarya ɗaya a kansa, sai na fi tunanin shekarun da Jibo ya yi yana wucewa ta dandali, yara na bin sa da waƙa, amsar tana bakinsa, bai furta ba. Faɗan cikin dawa wuni guda ne. Wancan kuwa kullum sai ya sake yin sa.

Da na haifi ɗana na fari, Iya ta riga ta rasu. Na aika wa maigidana ta bakin gwaggona cewa ina roƙon a sa masa Jibrin, ya yarda. Bayan suna mata suka zauna suna zaɓa mini laƙabin da zan riƙa sakaya shi da shi, wannan ta ce Babangida, waccan ta ce Mai-suna. Na bar su suka gama. Sannan na ɗauki yarona a gaban surukata da kowa, na ɗaga shi, na ce, "Jibo." Sai wata ta ce lallai 'yan zamani ba kunya. Na rungume yarona. Sunan nan ya sha ɓoyo a gidanmu, ya isa haka. Yau ɗan nawa har ya fara furfura, kuma duk kaka shi ke ɗaukar kwanon sabuwar dawa a babur ya kai gidan Garba maƙeri. In zai fita, daga tsakar gida nake ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "Jibo, ka gaishe su."