Baba yana gadin kwamfuta

An kwana biyu da yin wannan abin, lokacin ina sakataren wata ƙungiyar manoman rani a ƙasar Goronyo. Sunan ne babba, aikin kuwa zaman jira ne. Idan madatsar ruwa ta cika za a saki ruwa, akan turo mana sanarwa ta imel, ni kuma in hau babur in bi gaɓar gulbi ina cewa a kwashe injinan ban-ruwa. Waya a lokacin sai ka hau tudu kake samun magana.

Kwamfutar ofis ɗaya ce, tsohuwa. Muddin manhajar imel tana buɗe, saƙo na shigowa za ta yi ƙara. Ka rufe ta kuwa, shi ke nan, ta zama kurma.

Shugabanmu dattijo ne, Baba muke ce masa, kuma ya tsani ganin saƙonni baje a allo manoma suna leƙawa. A wurinsa wannan tonon asirin mutane ne. Abu ɗaya ya iya da kwamfuta, danna ɗan jan maɓallin nan na rufewa, kuma ya iya shi ƙwarai. Na yi bayani har bakina ya gaji.

Ƙarshen wata damina aka tura ni garin Rara karɓo iri, tafiyar 'yan kwanaki. Na ce, "Baba, in ta yi ƙara a aika a kira ni." Ya ce, "Tahi abinka, ni ad da ita."

Ina dawowa na tarar gulbi ya haura gaɓa. Injuna sun nutse, rainon albasar da mutane suka yi ya tafi, har da na Baba, wanda da shi ya dogara a shekarar. Na buɗe manhajar, ga sanarwar nan tun washegarin tafiyata.

Na juyo a fusace zan yi magana, sai na ga idonsa. Ya ce, "Ɗana, wallahi nan niy yini kullum. Ko sallah bakin ƙohwa nika yi don in jiya. Ba ta ce komi ba."

"Baba, kun rufe ta?"

"Na ruhe, don kar a gane ma mutane sirri. To mi na yi?"

Na zauna a benci.

Daga baya wani abokina, malamin asibiti a Wurno, ya nuna mini wata 'yar manhaja da ake ƙara wa manhajar imel. Ko an rufe, sai ta koma ta laɓe a gefen agogon allo tana ci gaba da sauraro. Kafin shayinmu ya huce ya gama koya mini yadda ake saka ta. Sauƙin abin ya fi komai ƙona mini rai, ni da ake kira masanin kwamfuta a ƙauye.

Har yau idan na tuna, gajiya nake ji, ba fushi ba. Watanni na yi ina son in sauya dattijon da ya girmi mahaifina, ban taɓa tunanin sauya na'urar ba. Baba bai sake danna komai a ofis ɗin ba. Ranar da na nuna masa gyaran ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce in nemi wani ya riƙa gadin, shi ya koma gona.