Duwatsun Wuyana a Cikin Langa

Ni ban yi boko ba. Faɗa na yi aka rubuta.

Jikata Hadiza tana karatun kimiyya a jami'a. Da ta zo wankan jego wurina a Rawayya, sai ta kwance duwatsun wuyana na aure, ta shirya su a jikin waya, ta lanƙwasa ta cukurkuɗe. Ta ce siffar furotin ke nan, abin da ke gina tsoka. Kowane dutse amino asid ne, wato tubalin da ake gina furotin da shi, iri ashirin, ta bambanta su da launi. Aikinta ƙirga wanne ke yawan zama kusa da wanne a cikin furotin masu yawa. Ta koma gidan mijinta a Tsafe ta bar abin a ɗakina. Sai ga saƙo daga gare ta: malaminta zai ratsa Tsafe ran Alhamis ya duba aikin, in bai gamsu ba ta sake shekara.

Rawayya zuwa Bunguɗu

Ran Alhamis ana idar da sallar asuba na shiga a-kori-kura, abin yana cikin langa, na yi masa matashi da auduga. Yaron mota ya miƙo hannu zai ɗora bisa buhunan gero.

"Taɓa ka gani," na ce.

"Inna, zinari ne?"

"Shekarar mutum ce."

Bunguɗu zuwa Gusau

Tasi, mu huɗu a baya. Langa bisa cinyata. A tashar Gusau na sayi ƙosai na ci da hannu ɗaya.

Gusau zuwa Tsafe

Mun wuce Damba da kaɗan aka tsayar da mu a shinge. Wani ɗan sanda ya buɗe langa, ya ɗago abin da yatsu biyu.

"Hajiya, wa za a yi wa asiri?"

"Karatu ne. Aje shi."

Ya ja gefe ɗaya don ya ga ciki, wayar ta miƙe. Baƙaƙen duwatsun da ke tsakiya suka fito waje. Kallonsa kawai na yi har ya mayar da murfin da kansa. Daga nan har Tsafe ban san me aka yi hira a kai ba.

Tsafe

Na iso da hantsi. Ko ruwa ban karɓa ba na buɗe mata.

"An ɓata miki."

Ta duba, ta yi dariya. "Tsohuwa, shi ya sa kika shigo kamar mai ta'aziyya? Baƙaƙen nan ba su son ruwa, ciki suke taruwa. Ja kuma shuɗi yake nema. Wata nawa ina ƙirga maƙwabtan nan, na san gidan kowa."

Tana goye da jaririnta ta lanƙwasa wayar, kowa ya koma mazauninsa. Sai a lokacin na ji ƙishirwa.

Malamin ya zo bayan azahar. Ya daɗe kan takardun ƙidayarta, yana tambaya tana amsawa, ni ina bakin ƙofa ina lura da fuskarsa. Ƙarshe ya ce ya gamsu, ta shirya jarrabawa. Ya kuma roƙi a ba shi abin ya koyar da ɗalibai.

"Duwatsun aurena ne, Malam," na ce. "Aro na ba ka. Kuma a cikin langa za su tafi."

Na sauka Rawayya ana kiran magariba, wuya wayam, hannu wayam. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ban taɓa barcin da ya kai na daren nan daɗi ba.