Fuskar kakana a Doha

Ana kiran assalatu muka bar Bakori, ƙanena na tuƙi, ni ina rungume da jaka. Sai Kano, sai jirgi. Duk wanda ya ji Doha zan je cewa yake ƙwallo zan kalla, ni da ko sunan golanmu ban sani ba.

Abin da ya kai ni daban ne. Kakana Audu ya tafi yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, ya bar kakata da ciki, bai dawo ba. Cikin nan shi ne mahaifina. Baba ya haura saba'in bai taɓa ganin fuskar ubansa ba, ga idonsa ya fara dushewa. Lokacin kullen korona na haɗu a intanet da wata Baturiyar Ingila, Bayahudiya. Kakanta ma'aikacin jinya ne a rundunar su Kaka, kuma mai zane. Ta ce littafin zanensa yana hannunta, sunan Audu Bakori da lambarsa ta soja suna ciki. Na roƙe ta ta turo min hoton ta waya, ta ƙi, wai sai ido da ido. Haushinta na ji sosai. Iyakoki a rufe, shekara biyu ina kallon idon Baba yana tafiya. Gasar duniya ce ta buɗe mana ƙofa, don mijinta mayen ƙwallo ne, za su zo Doha kallo.

A unguwar Najma na sauka, ɗakin wani ɗan garinmu mai aikin gadi. Su shida ne, gado kan gado, kowa da labulensa. Titunan garin sumul, amma a lungunsu wayoyin shanya sun fi mutane yawa. Shayin madara da suke kira karak ne kawai mai araha, shi na yi ta ɗirka.

Da ɗan garin namu ya ji wadda zan gani sai ya riƙe baki. "Bayahudiya? Kai dai ba ka rabo da jaye-jaye. Yalla, tashi in raka ka."

Mun same ta a wani gidan abinci a unguwar Old Airport, da takunkumi a fuska. Kafin ta buɗe littafin ta ba ni labarin kakanta. Daga Jamus ya gudo yana saurayi, ya shiga sojan Ingila. Iyayensa da ƙannensa mata biyu an kashe su a sansanin da ake tsare Yahudawa, ba kabari, ba hoto. Shi ya sa a dajin Bama duk sojan da ya cika a hannunsa sai ya zana fuskarsa kafin a rufe shi.

Nan na gane dalilin da ya sa ta ƙi turowa. Gawa ce a takardar. Ido a rufe, kumatu sun faɗa, tsagar gidanmu raɗau a kunci. A bayan takardar kakanta ya rubuta cewa zazzaɓi ne ya kashe shi, abokansa sun yi masa sallah, shi kuma ya taya su haƙa kabari. Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Ta yanke shafin da reza ta miƙo min.

A jirgin dawowa tunanina ɗaya: in gaya wa Baba gaskiya ko in ce barci yake. Tafiyar ta nuna min cewa wanda na taso ina jin ana zagin jinsinsa shi ya yi wa kakana hidimar ƙarshe, sai na ji ban isa in ɓata aikinsa da ƙarya ba.

Da hantsi na tarar da Baba a ƙofar gida. Na durƙusa na gaya masa komai. Ya kai takardar dab da hancinsa, ya juya ta wajen rana, ya daɗe.

"An yi masa sallah, ka ce?"

"An yi, Baba."

Ya shafa tsagar da ɗan yatsa.

"Allah sarki," ya ce. "Ashe ubana yaro ne."